Na-Sani da Kukan Motar Yaya

A layinmu akwai wani mutum da ake kira Na-Sani. Ba iyayensa ne suka sa masa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa an yi ruwa a wani gari, ya ce, "Na sani." Ka ce masa matarka ta haihu yanzun nan, ya ce, "Na sani," har ka tsaya kana dubansa. An taɓa gaya masa bayan rigarsa ya kama da wuta, sai da ya ce ya sani sannan ya kurma ihu.

Ya taɓa yin wata takwas a wani kamfanin sayar da motoci. Aikinsa shi ne ɗaga sandar bakin ƙofa in mota za ta shiga, ya sauke in ta wuce. Daga can ya fito da digirin da ba wanda ya ba shi. Ana cikin hira sai ya gyara zama ya ce, "Lokacin da muke kamfani," kowa ya fara neman takalminsa. Fankar ɗakinsa da ya gyara, tun daga ranar sama take hura iska, rufin ɗaki na shan sanyi mutane na gumi. Dutsen gugar matarsa kuwa, tun da ya taɓa shi ba ya zafi sai a mariƙi.

Burinsa ɗaya a duniya: ya buɗe abin da ya kira asibitin motoci a ƙofar gidansa, inda zai gano ciwon kowace mota da kunne kawai. Har allo ya sa an rubuta masa, yana jingine a bayan ƙofa. Majinyaci na farko kawai ake jira, ga shi duk mai mota a layin in ya hango shi sai ya ƙara wuta.

Wata Talata da sassafe sai ga yayarsa, wadda ke aikin jinya a wani asibiti, ta tsaya da 'yar farar motarta, mahaifiyarsu Inna na zaune a baya. Inna ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani. Wata uku ana jiran ranar da likitan ido zai duba ta ya sa ranar yi mata aiki, kuma ranar ce ta zo, ƙarfe huɗu na yamma, can ƙarshen gari.

Yaya ta miƙa masa makulli, amma ba ta sake shi ba sai da ta gama magana.

"Ka buɗe kunnenka. Motar nan kwana uku tana wani kuka, in na ƙara gudu ya ƙaru. Na yi wa Bakanike waya, yana jiranka a gareji. Ka kai masa, ka zauna, ka rufe bakinka, in ya gama ka dawo da ita. Ƙarfe uku zan taso daga aiki in ɗauki Inna. In muka rasa yau, sai bayan wani wata ukun."

"Na sani, Yaya."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Matar Na-Sani ta kamo hannun Inna za ta shiga da ita gida, tsohuwa ta tsaya ta juyo inda take jin muryar ɗanta.

"Ɗan nan, kukan daga ƙarƙashina yake fitowa. Nan baya, hannun dama, inda nake zama. Har a ƙashin bayana nake jin sa."

"Inna, ku shiga ciki ku huta. Wannan harka ce ta masana."

Yaya na shiga tasi, Na-Sani ya jawo allonsa ya kafa a bakin ƙofa. An rubuta da jan fenti: ASIBITIN MOTOCI, KUNNE YA FI NA'URA. Tela, wanda shagonsa ke kallon gidan, ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki. Mai Aski na kusa da shi ya leƙo da almakashi a hannu.

"Maƙwabci, ba gareji aka ce ka kai ta ba?" in ji Tela. "Da kunnena na ji."

"Kai kunnenka na jin tsegumi ne, nawa na jin ciwon ƙarfe ne. Wancan mai baƙin farcen me ya sani? Ku zo ku ga aiki."

Ba don su taimaka suka bar shagunansu ba. Kallo na kyauta ba kullum ake samunsa ba.

Suka shiga, ya ja su zuwa doguwar hanyar bayan makaranta. Da mota ta ɗauki gudu sai ga kukan, wuuuu, kamar an rufe zuma a cikin tulu. Na-Sani ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

"Buɗe idonka, tuƙi kake yi!" Mai Aski ya daka masa tsawa.

"Salansa ce," in ji Na-Sani. "Ta saki. Minti biyar ya ishe ni."

Suka dawo gida. Ya shiga tsakar gida ya tsinko wayar shanya, wankin matarsa ya zube a ƙasa, ya fito ya kwanta ƙarƙashin mota ya ɗaure salansar da ba ta yi wa kowa laifi ba. Suka koma hanya. Kukan na nan daram, sai dai yanzu jelar wayar na dukan kwalta, ƙwar-ƙwar-ƙwar.

"An samu ci gaba," in ji Tela. "Ɗazu kuka kawai take, yanzu har da kiɗa."

"Ba za ku gane ba. Ni ina gaba, ciwon yana baya. Likita ba ya duba marar lafiya daga wani ɗaki."

Ya miƙa wa Mai Aski makulli, mutumin da ya fi sabawa da babur. Shi kuma ya ɗauko tiyon ban ruwa, ya buɗe but ɗin bayan mota ya shige ya duƙa, ya cusa baki ɗaya a kunne, ya saki ɗayan yana reto a gefen taya. Ya ce a ja, a karya kwana hagu, a karya dama, kada a tsaya sai ya ce.

Mai Aski ya ja. Ya karya hagu, ya karya dama. Abin da bai gani ba shi ne tudun rage gudu na ƙofar makaranta. Mota ta yi sama ta dawo, murfin but ya sauko a kan mai asibiti, gwaf, ya kulle.

Can sai aka fara jin bugu daga baya, dum, dum, dum.

"Ka ji wata sabuwar ƙara?" in ji Mai Aski.

"Na ji. Wannan ba salansa ba ce, likitan ne."

"Mu tsaya?"

"Ai cewa ya yi kada a tsaya sai ya ce. Ka ji ya ce?"

Sai da suka ƙara zagaye biyu sannan suka buɗe. Na-Sani ya fito jiƙe da gumi, ƙulu a goshi kamar ƙwan agwagwa, amma bakin bai mutu ba.

"Na gano shi. Boris ne."

Boris shi ne zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye a ciki, wanda ƙafar mota ke juyawa a kansa. In ya ci, sai ya yi ta gurnani, kana ƙara gudu yana ƙara murya. Kuma gaskiya boris ɗin ne. Daga baya aka gane zaman da ya yi a kulle, wayarsa ya buɗe ya kalli wani mutum yana bayani. Sai dai rabin bayanin ya kalla ya kashe, don ragowar ai ya sani.

"Na wace ƙafa?" in ji Tela.

"Da kuka karya hagu kukan ya ƙaru. Saboda haka ta baya, ta hagu."

"Inna dai dama ta ce."

"Inna ta yi kamfani?"

Suka dawo ƙofar gida, ya kafa jak a daidai inda ruwan wanki ke bi. Yana murzawa, mota ba ta tashi, jak ne ke shiga ƙasa. Ya sa katako, ya samu ta ɗan ɗaga, sannan ya shiga gida ya fito yana mirgino turmi.

"Maigida, ina za ka da turmina?" in ji matarsa, tana biye da shi da jiƙaƙƙen wanki a kafaɗa.

"Aro ne, ke. Yau turminki zai shiga tarihi."

"Wayar shanyata ma tarihin ta shiga?"

Ya cusa turmin ƙarƙashin mota, ya kwance taya. Ya cire 'yar hular da ke tsakiya, ya zaro wani siririn ƙarfe mai baki biyu, ya kwance babban noti, ya zare gangar birki gaba ɗaya. Duk abin da ya cire sai ya jefa a farantin tangaran na baƙi, wanda matarsa ke ɓoyewa a saman kabad. Mutane sun fara taruwa. Mai shagon kayan masarufi ya jawo kujera, wata tsohuwa ta ajiye kwandonta, masu jiran aski suka biyo mai askin.

Na-Sani ya ɗaga gangar ya nuna wa jama'a boris ɗin. Yana ƙyalli, yana juyawa sumul, ko tari ba ya yi.

"Ni dai lafiya lau nake ganinsa," in ji Mai Aski.

"Munafuki ke nan. A fuska lafiya, a ciki mugunta. Miƙo mini guduma."

Ya ɗora kurfi, ƙarfen nan mai tsini, a kan boris ya fara duka. Bugu na farko ya sami kurfi, na biyu ya sami babban yatsansa, ya yi rawar da ba kiɗa. A na bakwai boris ya tarwatse. Ƙwallaye suka watsu, wasu suka faɗa kwata, kajin maƙwabta suka bi wasu da gudu. Guda ɗaya kuwa ta tsallaka titi kamar harsashi, ta shige shagon aski, sai aka ji tas! Babban madubin ya tsage daga sama har ƙasa.

Mai Aski ya daina dariya, ya juyo gare shi.

"Za mu yi magana, maƙwabci."

"Ka gode wa Allah ba kan mutum ya samu ba. Ka ga irin ƙarfin ciwon da ke cikinsa?"

Ana cikin haka sai ga Bakanike a kan babur. Dattijo ne marar hayaniya, shekara talatin yana ƙarƙashin motoci. Ya kashe babur, ya dubi allo, ya dubi turmi, ya dubi farantin baƙi.

"Sannu da aiki. Yayarka ta ce mota na tafe tun safe, na ji shiru, na ce bari in leƙo ko lafiya."

"Lafiya ƙalau. An gano ciwo, an cire shi. Ka koma, yau ba ka da rabo."

"Da ka ɗaga ta, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, ka ji ko tana wasa? Ka juya ta da hannu ka saurara?"

"Wannan aikin 'yan koyo ne."

"To. A wace kwana kukan ke ƙaruwa?"

"Hagu. Shi ya sa na buɗe hagu. Lissafi ne mai sauƙi."

Bakanike ya sosa gemu. "Ai in ka karya hagu, nauyin mota dama yake kwantawa. Wanda aka danne shi ke kuka. Ƙafar dama ce ba ta da lafiya. Wannan da ka fasa ba abin da ya same shi."

Sai Tela ya ce, "Wato an cire wa mutum haƙorin da yake tauna da shi, an bar masa mai ciwon."

Jama'a suka fashe. Na-Sani ya miƙe, ya goge hannu a wando.

"Lokacin da muke kamfani..."

"Ka ji ni, ɗan'uwa," in ji Bakanike. "Sabon ma ba a buga shi da guduma, da injin matsi ake shigar da shi a hankali. Ba ni gangar in tafi da ita, in dawo da kayan aiki in yi ta daman a nan. Kafin ƙarfe biyu na gama duka, yayarka ma ba sai ta ji ba."

"Hassada! Ka ga allo, hankalinka ya tashi. Ka ga kasuwarka za ta mutu, ka zo ka ƙwace mini majinyaci da daɗin baki. Hau babur ɗinka."

Bakanike ya sake karanta allon a hankali, ya ce, "Allah ya ba majinyata haƙuri," ya tayar da babur. A hanya ya kira Yaya har sau uku, amma in tana ɗakin marasa lafiya wayarta a kashe take cikin jaka.

Na-Sani ya nufi shagon kayan gyara. Tela ya ce ya tafi da guntun tsohon don a gwada, shi kuwa ya ce lambar tana kansa. Ya dawo da boris sabo fil a kwali, wanda ya fi ramin gangar faɗi da kusan kaurin ɗan yatsa. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ya ƙi shiga.

"Ko na babbar mota ne?" in ji mai shagon masarufi.

"Ramin ne ya tsuke. Ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake. Kimiyya ce, ba ku yi ta ba."

Ya ɗauki gangar ya shige kicin. Ya sauke tukunyar abincin rana da ke kan wuta, ya ɗora gangar a kan gas, ya ƙure wutar, bai ko goge tsohon giris ɗin da ke ciki ba. Ya fito yana yi wa jama'a bayanin yadda ake yi a kamfani. Bai kai tsakiyar bayanin ba baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta taga.

"Gobara!" in ji tsohuwa mai kwando.

Layi ya rikice. Mai bokiti ya ɗauko bokiti, mai buta ya ɗauko buta. Matar Na-Sani ta kashe gas ta fito da Inna suna tari. Shi kuwa ya kutsa ya ɗauko gangar da tsumma, tsumman ya kama, ya fito a guje yana ihu a ba shi hanya. Bokiti huɗu suka haɗu a kansa lokaci guda. Mai Aski, da madubinsa ke ransa, ya ƙara masa na biyar bayan wuta ta mutu.

Inna na zaune a bencin Tela tana shaƙar iska. "'Yar nan, me ke ƙonewa ne?"

"Motar Yaya ake dafawa, Inna."

"Ta nuna?"

"Tukuna."

Na-Sani ya koma shagon kayan gyara yana ɗigar ruwa, wannan karon da guntun tsohon a aljihu, ya ce mai shagon ne bai iya sauraro ba. Kafin ya dawo da daidai, ƙarfe biyu ta gota. Ya ɗora sabon boris a bakin rami, ya ɗauki gudumarsa ya hau shi da duka kamar ya kama ɓarawo. Ya shiga, amma a karkace, gefe ɗaya ya lotsa. Sai a lokacin ya tuna bai sayo giris ba. Ya shiga ɗaki ya kwaso man gashin matarsa, mai ƙamshin furanni, ya cusa rabin kwalba.

"Mai dai mai ne," in ji shi.

Ya mayar da ganga, ya ɗaura babban noti, ya taka sifana da ƙafa sau ɗaya ya ce ya isa. Ya mayar da hula, ya ɗaura taya. Tela ya leƙa faranti.

"Ga wani abu ya rage. Siririn ƙarfen nan mai baki biyu."

"Ado ne. Kamfani kan ƙara irinsu don a ce an yi aiki." Ya ɗauka ya yi sakace da shi, ya jefa a aljihu.

Da ya zo sauke mota, ya manta turmi ake fara cirewa. Ya saki jak, nauyi ya sauka, turmi ya ce ɓas, ya rabe gida biyu. Matarsa ta tsaya tana kallon ɓarin biyu. Ta kwashe su ta shiga gida, kuma duk mai aure a wurin ya tausaya masa a karon farko.

Na-Sani ya wanke mota tas, ya canza riga. Da ya ga ƙarfe uku ta kusa, sai ya juya allonsa ya kalli bango, don duk cika bakinsa ya san wadda ta goye shi.

Yaya ta sauka daga tasi da farin kayan aiki, tana duba agogo.

"An gama?"

"Komai da komai."

"Me ya sami goshinka?"

"Ƙofa ce."

Matarsa ta leƙo. "Yaya, akwai magana."

"In mun dawo, ƙanwata, mun makara. Inna, ku taso."

Aka sa Inna a mazauninta na baya. Yaya ta kama sitiyari, Na-Sani ya faɗa kujerar mai zaman banza, don ba zai yarda a yabi aiki ba ya nan ba. Suna tashi, Tela da Mai Aski suka haye babur suka bi bayansu, don ganin ƙwal uwar daka.

Ba su yi nisa ba kukan ya taso, wuuuu, daga dama. Sai wani ya amsa daga hagu, gurrr-ƙyas, gurrr-ƙyas.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Da safe ɗaya ne ke kuka. Yanzu sun zama biyu, suna amsa wa juna."

Yaya ta harare shi. "Me Bakanike ya ce?"

"Ya ce, wato, sabon boris sai ya saba da gida. Gyaran murya yake."

"Ƙamshin man gashi kuma daga ina?"

"Giris ne na zamani."

Suka iso shataletalen bakin kasuwa, inda motoci suka yi yawa, Yaya ta rage gudu. Wannan ragewar ce ta cece su. Na-Sani na kallon waje sai ya ga wata taya ta fito ta gefen Yaya, ta wuce su ita kaɗai, tana tafe a natse kamar an aike ta. Ya tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Yaya, dubi! Wani sakarai ya kai motarsa wurin 'yan koyo. Ga tayarsa can tana yawo ba uban gida!"

Bai rufe baki ba bayan motar ya zauna a kan kwalta ta hagu, ƙuuuu, wuta na tartsatsi. Yaya ta riƙe sitiyari gam, ta yi salati, ta lallaɓa mota ta tsaya a tsakiyar shataletale, hanci sama, gindi ƙasa.

"Mun iso ne?" in ji Inna, tana kishingiɗe a jikin kujera.

Tayar kuwa ba ta tsaya ba. Ta ratsa tsakanin babura biyu, ta shiga rumfar mai sayar da robobi, bokitai da bahuna suka tashi sama kala-kala, ta fito ta ɗaya gefen ta doki lemar jami'in da ke ba da hannu, ta yi juyi uku ta kwanta a gaban takalminsa.

Kafin Yaya ta gama duba Inna ta tabbatar ba ta ji ciwo ba, rabin kasuwa ya kewaye su. Masu motoci na ta danna hon, mai robobi na tafe yana zage-zage, jami'i na biye da shi da karyayyar lema. Tela da Mai Aski suka sauka daga babur, ba wanda ya tambaye su, suka fara ba da labari tun daga wayar shanya. Ɗaya na gajiya ɗaya na karɓa. Da suka zo kan but, wani mai dako sai da ya ajiye kayansa ya riƙe ciki.

Garejin Bakanike ba nisa daga nan. Hayaniya ta fito da shi, ya ratso taro da jak a hannu. Yaya ta dube shi, ta dubi ƙanenta.

"Bai kawo maka ba?"

"Ni na je, ranki ya daɗe. Aka ce ba ni da rabo."

Ya durƙusa ya duba inda taya ta fita. "Notin ne ya warware. Ina 'yar sakatar da ke kulle shi?"

"Tana aljihunsa," in ji Tela. "Da ita ya yi sakace."

Bakanike ya tokare gefen hagu da katako, ya zagaya dama ya ɗaga. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta ce ƙwas-ƙwas. Ya juya ta da hannu ɗaya, sai ga gurnani, gurrr, wanda har na bayan taro suka ji.

"Ga marar lafiyar nan," in ji shi. "Tun safe ko sannu ba a yi mata ba."

Huɗu saura minti ashirin. Jami'in, da ya ji tsohuwa za a kai wa likita, ya tare wata tasi da hannu. Aka kama Inna aka shigar da ita. Yaya ta juyo kan ƙanenta, ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Za ka tsince wa bawan Allah nan robobinsa ɗaya bayan ɗaya. Za ka ba jami'i haƙuri. Sannan ka gungura tayar nan da hannunka har gareji, ka zauna a ƙasa, ka kalli yadda masu aiki ke aiki. In ka sake taɓa ko madubin motata, ni da kai ne."

Wani mai kunya da ya nutse a wurin. Na-Sani kuwa gyaran murya ya yi, ya ɗaga hannu kamar mai shirin jawabi.

"Na ji, Yaya. Amma gaskiya a faɗe ta komai ɗacinta. Jama'a, ku yi shiru ku saurara."

Mamaki ya sa aka yi shirun. Ya kara hannu a kunne, ya nuna motar da ke zaune a kan katako.

"Tsakani da Allah, akwai wanda ke jin kukan yanzu?"

Yaya ta riga ta sa ƙafa ɗaya a cikin tasi. Ta tsaya, ta dube shi daga ƙulun goshi har kumburarren yatsa.

"Shekara ashirin ina aikin asibiti," in ji ta, "ban taɓa jin gawa ta yi tari ba."

Ta ja ƙofa, tasi ta tashi. Dariyar da kasuwa ta ɗauka sai da ta danne hon ɗin motoci. Na-Sani ya sunkuya ya tayar da tayar, ya fara gungura ta, jama'a suka dare gida biyu suka ba shi hanya, mai robobi na biye da shi yana nuna masa inda kowane bokiti ya faɗi.